Danƙon da Ya Ƙi Saki

Ɗalibanta na ce mata Uwar Danƙo, a bayan idonta dai, amma ta sani, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Shekara da shekaru tana dafa ɓawon jatan lande a ɗakin gwaji, har ta fitar da wani abin rufe ƙuna mai kama da leda, wanda in ya kama fata sai ka ce tare aka halicce su. Masu bincike a ƙasashe da dama suna ambaton aikinta. Abokin aikinta, wani farfesa a ƙetare, ya auna ƙarfin mannewar abin da injinsa, ya rantse bai taɓa ganin irinsa ba.

Ana cikin haka sai likitan sashen ƙuna, wanda ya yarda a gwada shi a kan majinyatansa, ya shigo ofishinta ya dire kwali a kan tebur.

"Ga kayanki, Dakta. Ni na fita."

"Ba ya warkarwa ne?"

"Yana warkarwa mana. Ki zo wankin ciwo gobe da safe."

Ta tafi tana cika tana batsewa, ta tanadi amsoshi kala-kala. A gadon farko ta tarar da wani mai walda, ƙato, kafaɗarsa a ƙone. Nas ta kama gefen ledar tana ja a hankali, ledar kuwa ta ƙi saki, sai da ta taho da sabuwar fatar da ta fara tohowa. Mutumin ya ciji matashi, hawaye na bin gemunsa. Da aka gama ya dube ta, bai ma san ko wace ce ba, ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, wallahi raki ba halina ba ne."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Kunya ta kama ta har ƙafa. Duk gwajinsu a kan fatar dabba suka yi, wadda ake kawo musu daga mayanka, ita kuwa ba ta kuka. Injin yana ja, lamba tana hawa, su suna tafi.

Ta kira farfesa ta ce a janye rahoton da suke shirin bugawa.

"A janye? Dakta, da wannan lambar aka san mu!"

"Farfesa, ka taɓa ganin ƙato yana kuka yana ba ka haƙuri? Ni na gani yau. Daga yanzu sauƙin cirewa injinka zai riƙa auna mana."

Ya yi ƙunƙuni iya ƙunƙuni, sannan ya ce ta turo samfuri. Likita kuwa da ƙyar ya yarda da gwaji ɗaya tak, ya ce in aka sake sa majinyacinsa kuka, tsakaninsu sai gaisuwa.

Abin da take nema kamar a ce wa kaska ta yi ladabi ne: ya kama gam, amma da an jiƙa shi da ruwan gishiri mai ɗumi ya saki. Ta haɗa, ta zubar, ta sake haɗawa. Hannunta ya zama wurin gwaji, da gashinsa ya ƙare ta koma ƙwaurin mijinta.

"Sai da aka ce min kar in auri mai ilimi," in ji shi, yana miƙo ɗaya ƙafar.

Watanni suka shuɗe kafin kwamitin asibiti ya ba da izini. Wadda abin ya faɗo kanta wata mai girki ce da tafasasshen mai ya zubo wa a hannu, kuma maƙwabtan gadonta sun riga sun cika mata kunne da labarin wankin ciwo. Ta damƙe ƙarfen gado, ta runtse ido. Nas ta jiƙa ledar, ta ɗan jira, ta sa yatsu biyu. Uwar Danƙo tana tsaye a gefe tana kallo.

"Likita," in ji matar, "don girman Allah ku cire da sauri, kar ku ja min rai. Na shirya."

Likita ya dubi Uwar Danƙo, ya dubi ledar a cikin kwanon da ke hannun nas.

"Iya, buɗe idonki," ya ce. "Ai tuni aka cire."