Jan Farce a Bayan Ganye

A ɗakin gwajin tsirrai kowa Anti yake ce mata, don ta haifi yawancin ɗaliban. Sai da ta yaye autarta ta koma karatu, ta kuma kafe a kan magana ɗaya: wasu ciyayi biyu da kowa ke ɗauka iri ɗaya ne, ita ta ce sam, iri biyu ne. Farfesan da ke duba aikinta ya gaji da gardamar. Ya ce in ba ta nuna masa bambanci yau ba, ta nemi wani aikin, ta faro daga farko. Ita kuwa ta san ba ta da ƙarfin sake farowa.

Dabarar ba wuya. A shafa jan farce mara launi a bayan ganye, ya bushe, a ɗaye shi da salatif, a manna a gilashi. Duk abin da ke fatar ganyen zai fito a na'urar ƙara girma, har ƙananan ramukan da yake numfashi da su.

Ganyen farko ya cinye ragowar jan farcenta. Na biyu, na ɗaya ciyawar, sai ta shafa masa wanda ta suro a ɗakin 'yarta da safe, tana sauri, ko tabarau ba ta sa ba.

Ta leƙa na'ura, sai ta ƙwala ihu. Ga wasu abubuwa masu kusurwa shida suna walƙiya, ja da kore, waɗanda babu su a ganyen farko! Anti ta manta da ciwon gwiwa, ta zagaya tebur tana taka rawa, ta rungume wata ɗaliba da ba su ma saba ba.

"Ku kira Farfesa! Ku ce ya zo da gudu!"

Farfesa ya zo, ba da gudu ba. Ya leƙa, ya ɗago, ya ɗauki kwalbar ya haska ta a taga.

"Anti, ganyen nan biki za shi ne? Ai jan farcenki mai ƙyalƙyali ne."

Ɗaki ya ɓarke da dariya. Ita ma ta yi har da riƙe ciki, amma sai ta tuna ganye ɗaya tak na ciyawa ta biyun ya rage mata.

Sakatariyar sashe ta ara mata jan farce na kirki, mara ƙyalƙyali. Anti ta shafa, ɗalibai suka kewaye ganyen suna hura masa iska kamar masu fifita shayi. Da aka ɗora gilashin, sai ta ja da baya.

"Farfesa, don Allah duba min. Ba zan iya ba."

"A'a. Aikinki ne, ke za ki fara gani."

Ta sunkuya. Babu walƙiya, babu launi. Amma kowane ramin numfashi ƙwayoyi uku ne suka kewaye shi, alhali a ganyen farko biyu ne. Ta matsar da gilashin ta sake ƙirgawa. Uku. Ta sake. Uku dai.

Wannan karon ba ta yi ihu ba. Farfesa ya leƙa, ya daɗe, sannan ya jawo mata kujerarsa.

"Zauna ki fara rubutawa," ya ce. "Amma goge idon tukuna, kina jiƙa mana na'ura."