Keke Ɗaya a Hanyar Tunga

Shekaru da yawa Malam Bunyaminu da Malam Attahiru suka yi suna tuƙa kekunansu tare daga Bahindi zuwa Tungar Namadi, wani ɗan ƙauye da ke dab da iyakar Benin. Bunyaminu malamin firamare ne a can, Attahiru kuwa shi ke kula da ɗakin shan magani. Da an idar da sallar asuba an sha koko, Bunyaminu zai tsaya a ƙofar gidan Attahiru ya kaɗa ƙararrawar keke, dattijon ya fito yana gyara hula, su kama hanya. Attahiru ya girme shi sosai, amma kullum shi ne a gaba, yana tuƙi yana zuba labari: wa aka yi wa haihuwa, wa ya sayar da gona, abin da rediyo ta faɗa jiya. Shi Bunyaminu nasa sai "to" da dariya. Kafin labari ya ƙare sun hango rufin kwanon makaranta.

A farkon damina Attahiru ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti Birnin Kebbi, aka dawo da shi gida ya kwanta.

Daga nan Bunyaminu ya fara tafiya shi kaɗai. Hanyar ita ce dai ta da, amma sai ya ga kamar an ƙara mata tsawo. Ya fara lura da abubuwan da bai taɓa kulawa da su ba: yashin da ke riƙe taya a bayan gonakin gero, hawan da ke kusa da rugar Fulani, taɓon fadama da ke liƙe wa sarƙa har sai ya sauka ya tsokale shi da kara. Gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. In ya isa makaranta, wando jajir da laka, sai ya tarar da 'yan yaran da ba su cika benci biyu ba, sauran suna gonar shinkafa tare da iyayensu. Ya koyar da waɗanda suka zo, ya ci ɗan ƙosan da ya ƙunso, ya sake hawa keke da rana tsaka.

Wata safiya ya kai kwalbatin da ke tsakiyar hanya, ya sa ƙafa ƙasa don ya huta, sai ya kasa mayar da ita kan feda. Babu abin da ya lalace. Taya da iska, birki na kamawa, hadari ma babu. Kawai dai ya dubi sauran hanyar ya ji ba zai iya ba. Ya jingine keken a gindin wata ɗorawa ya zauna yana kallon ruwa na wucewa ƙarƙashin kwalbati, har rana ta take, sannan ya juya gida a daidai lokacin da ya saba dawowa.

Washegari ya je Tunga yana shirya abin da zai ce. Babu wanda ya tambaye shi. Yaran suka gaishe shi kamar kullum. Wannan ya fi faɗa zafi a wurinsa. Bayan 'yan kwanaki ya sake tsayawa a gindin ɗorawar, daga baya ma abin ya zama jiki.

Matarsa Shafa'atu ce ta fara ganewa. Tana wanki a tsakar gida ta ɗaga wandonsa ta duba ƙafar, ba ta ga laka ba.

"Malam, yau ma ba ka kai Tunga ba," in ji ta. "Jar lakar can ba ta ɓoyuwa, ni ka wanke ta."

Bai musa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Na gaji, Shafa'atu. Ban san mi yas same ni ba. Da na hau sai in ji kamar an ɗaura min dutse."

"To ka bar wahal da kanka. Sufyan kullum hanyar nan shi ka bi, shi aje ka. Ko ka nemi a maido ka makarantar nan cikin gari. Ba kai kaɗai anka haifa don Tunga ba."

Sufyan ƙanenta ne, ɗan kabu-kabu, yana jigilar fasinja da kaya zuwa bakin iyaka. Bunyaminu ya ce zai yi tunani.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya je duba Attahiru. Ya same shi a zaure an jingine shi da matashi, ya rame, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne. Bayan gaisuwa dattijon ya fara tambayar hanya.

"Fulanin nan na kan tudu, sun tashi ko suna nan?"

"Suna nan," in ji Bunyaminu.

"Ruwa ya ci gefen fadama?"

Rabon Bunyaminu da wuce fadamar ya kwana biyu. Ya ce, "Kaɗan."

Attahiru ya daɗe yana kallonsa da idon da ke buɗewa sosai. "Ba ka zuwa," ya ce.

"Ina zuwa wani lokaci, Malam. Ni ba irinka ba ne. Kai kana son hanyar nan, ni bin ka kawai ni kai."

Sai wani sauti ya fito daga bakin dattijon, da farko Bunyaminu ya zaci tari ne, ashe dariya ce. Miyau ya zubo masa, Bunyaminu ya ɗauki hankici ya goge masa.

"Ni?" in ji Attahiru. "Wallahi tun tuni na ƙi hanyar nan. Bayana ciwo, ƙirjina ciwo. Sau nawa nis so in aje aiki. Sai in ji ƙararrawarka bakin ƙofa, in ce yaron ga ya taso da himmatai, kunya ta hana ni cewa ba ni zuwa. Surutun da ka ji ina yi, don kar in ji ciwon ne."

Bunyaminu ya zauna yana kallon keken Attahiru da ke jingine a kusurwar zaure, kaji sun hau sirdin sun ɓata shi.

"To mi za ni yi, Malam?"

"Ban sani ba," in ji dattijon, ya lumshe ido. "Ni dai an yanke min tawa."

Ranar Litinin ya hau bayan babur ɗin Sufyan. Kafin ya gama gyara zama sun wuce kwalbati. Ya isa da tufafi tsaf, gwiwa ba ciwo, ya yi ta mamakin yadda hanyar take gajeruwa. Amma tafiyar Sufyan ba ta makaranta ba ce, ta fasinja ce. Ran kasuwar Lolo tun duhu yake fita da buhuna, babu wurin zama. Wata rana sai ya cika mutum biyu kafin ya tashi, su isa hantsi ya ɗaga yara sun watse. Da yamma kuwa Bunyaminu ya sha zama a bakin hanya yana jira har magariba.

"Yaya, ka yi haƙuri," Sufyan ya ce masa wata rana yana goge fuska. "Abin ga ba shi yiwuwa kullum. Ko dai keke, ko ka bar Tunga."

Bunyaminu ya sake gwada keken. Ya kai shi wurin mai faci aka sa wa sarƙa mai, aka ɗaure sifokin da suka saki. Ya yi mako guda yana zuwa ba fashi, yana cije baki a kan hawa, yana ƙirga bishiyoyi don hanya ta wuce. Yana jiran ya ji wani abu ya dawo masa, ko ɗan daɗin iskar safe da yake ji da. Bai dawo ba. A ƙarshen makon aka yi jana'izar Attahiru. Bayan sadakar bakwai Bunyaminu ya tafi ofishin ilimi a Bagudo ya nemi a sauya masa wurin aiki, aka duba shekarun da ya yi a ƙauye, aka amince.

Ranar da ya je sallama, mai garin Tunga ya karɓe shi a ƙarƙashin rumfa, ya yi masa godiya da addu'a. Wata tsohuwa mai suna Dela, wadda ke sayar da ƙosai a bakin makaranta, ta biyo shi har inda ya jingine keke.

"Mai magani ya tahi, kai ma za ka tahi," ta ce. "To wa ka zuwa?"

"Za a turo wani, Inna."

Ta gyaɗa kai kawai ta koma wurin kaskonta.

Makarantar cikin gari kusa take, da ƙafa yake zuwa. Ajinsa cike da yara har wasu na zama ƙasa. Gwiwarsa ta warke, ya yi ƙiba, Shafa'atu ta ce ya koma saurayi. Keken kuwa wani maƙwabci ya are shi zuwa gona, bai maido ba, shi ma bai tambaya ba.

Bayan an yi girbi ya haɗu da Muhammad Sani a kasuwar Bahindi, wani manomin Tunga da 'ya'yansa uku suka zauna a ajinsa. Suka gaisa hannu biyu. Bunyaminu ya tambayi wanda aka turo.

"An turo wani yaro mai kirki," in ji Muhammad Sani. "Ya zo sau kaɗan, hanya ta fi ƙarfinai. Ba mu ga laihinai ba. Yanzu ɗiyanmu ƙetare su ka zuwa, makarantar Benin, ta fi ta Bahindi kusa. Ɗiyata Ni'ima har ta fara Faransanci, in tana karatu ba wanda ka gane mi ta ka cewa." Ya yi murmushi. "Ajinku kuwa mun zuba shinkafa ciki, kar ruhin kwanon ya tashi banza."

Babu zargi a muryarsa ko kaɗan. Ya ma ɗebo gyaɗa daga buhunsa ya cika wa Bunyaminu aljihu, ya ce a gaida iyali, ya ɗora kayansa a ka ya shiga cikin mutane.

Bunyaminu ya tsaya a wurin har wani mai amalanke ya yi masa magana ya kauce. Ya manta abin da Shafa'atu ta aike shi saye. Ya zaga rumfunan yana duba kaya ko zai tuna, bai tuna ba, ya koma gida hannu wofi.