Sirdin Madugu Ja'afaru

Abarshi yana wasa gizagonsa a kan dutse, ko da yake babu abin sassaƙawa, sai ga Auta ya tsallako daga rumfarsa rungume da itacen sirdi.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Abarshi ne ya fara kama hannun Auta ya ɗora a ƙotar gizago. Amma tun da mahaifinsu ya rasu suka raba rumfa, mahayan Birnin Gwari suka koma wurin ƙaramin. Su yi wa Abarshi sannu da aiki, su wuce su ɗaure doki a ƙofar Auta. Abin yana cin Abarshi, ci kuwa ba na wasa ba. Ko dariyar ƙanen nasa ya jiyo ta bayan zana, tuwon ranar ba ya wucewa da daɗi.

Itacen na Madugu Ja'afaru ne, wanda yake shirin jan ayari zuwa ƙasar Nufe. Madugu yana fama da ciwon ƙugu tun wata faɗuwa da ya yi, duk sirdin da ya hau sai ya sauko yana ɗingishi. Auta ya ce ya zaunar da shi a kan ɗanyen yumɓu, ya bi sawun zamansa ya fafe mazaunin. Yanzu so yake yayansa ya duba masa kafin ya kai wa baduku, don in aka rufe da fata babu sauran gyara.

Abarshi ya karɓa ya jujjuya. Aiki ya yi kyau, kyan da ya ƙara masa haushi. Busasshen ƙawo ne daga can cikin daji, an haɗa allunansa da ɗaurin ƙiri, wato igiyar fata, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Suka tafi inda dokin Madugu yake a turke, Abarshi ya ɗora itacen a bayansa, ya cusa hannu ta ƙasa.

Nan ya ji abin da idon Auta bai kai ba. Da kaka aka auna dokin, ya ƙoshi da ciyawar damina, ya yi ɓul-ɓul. In ya sha tafiya ya rame, itacen zai sauka ya zauna a kan ƙashin bayansa, miki ya buɗe tun ba su fita daji ba. A ransa ya hango Madugu a ƙasa yana jan doki, ga ƙugu, ga mahara a hanya: daga ranar babu mai sake ambaton Auta da alheri.

Ya zare hannunsa. Zuciyarsa ta yi wani sanyi mai daɗi, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

"Ya yi," in ji shi. "Kai wa baduku."

Auta ya washe baki kamar an yi masa kyautar doki. Ya saɓa itacen a kafaɗa, har ya yi gaba, sai ya dawo yana sosa ƙeya.

"Yaya, akwai maganar da ban gaya maka ba. Na ce wa Madugu aikinka ne, ni kama maka kawai na yi. In ya ji daɗinsa, fataken Nufe kaf rumfarka za su nema. Ba na jin daɗin ganinka zaune haka."

Abarshi ya tsaya cak. Ashe har ya kai a ji tausayinsa, kuma wai Auta ne mai jin tausayin. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ga shi kuma sunan da zai ruɓe a hanyar Nufe yanzu nasa ne, shi da ba shi da sauran abin da ya mallaka sai sunan.

Ya bar shi ya yi nisa kaɗan, sannan ya kira shi. Ya ce a kwance ƙirin, a rage bakin allunan a matse su, domin dokin zai rame a tafiya.

Auta ya komo ya mayar da itacen bayan dokin, ya cusa nasa hannun. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Da ya ɗago, murmushin ya tafi.

"Gaskiyarka," ya ce a hankali. "Amma ɗazu ma a nan hannunka yake, Yaya."

Abarshi ya miƙa hannu zai karɓi itacen. Auta ya saɓa abinsa, ya ce zai gyara a rumfarsa.