Taya Babu Tub

Maigandi ya ƙwanƙwasa gwangwanin sholisho a gwiwarsa, ya leƙa ciki, ya sa tsinke ya kankare gefe da gefe. Abin da ya fito bai isa ya liƙe fiffiken ƙuda ba. Ya ja tsaki ya jefar da tsinken.

Keken Audi ne kife a gabansa, tayar gaba a ɓare. Audi manomin albasa ne daga Dundaye. Kullum da hantsi yakan shigo birni da buhu ɗaure a bayan keke, kuma cikin kwana bakwai sai ya tsaya sau uku gindin bishiyar dogon yaro inda Maigandi ke faci, don tsidau ya cinye hanyarsu, ƙayarsa kuwa ba ta jin kunyar sabuwar taya. Tub ɗin da ke hannun Maigandi faci goma sha ɗaya ne a jikinsa, wani bisa wani. Yau ma ba huda ba ce, tsagewa ya yi taƙi guda.

"Wanga ya gama aiki nai, Audi. Sai sabo."

"To sa sabo mana. Mi kaka jira?"

Sabon ne babu. Duk mai faci a wannan gefen birni, tun daga Ƙofar Dundaye har bakin kasuwa, a hannun mutum ɗaya yake samun tub da sholisho da robar faci, wato Alhaji Siddiƙu, wanda motarsa ke ɗauko kaya daga tashar jirgi a Gusau. A bazarar nan wani kaya ya daɗe kulle a shagon kwano har zafin Sakkwato ya dafa shi. Tub sabo fil, ka hura, ka yi zango ɗaya, ya yi bindiga. Masu keke kuwa ba Alhaji suke zagi ba, mai faci suke zagi. Sauran masu sana'ar suka haɗiye abinsu. Maigandi, da yake Allah bai yi wa bakinsa linzami ba, ya ɗauki tub guda ya nufi rumfar Alhaji bayan an sauko Juma'a, ga baƙi zazzaune, ya ja shi da hannu biyu har tsagun suka buɗe baki, ya ce ga abin da ake sayar wa talakawa. Gaskiya ya faɗa, sai dai a gaban surukin Alhaji ya faɗe ta.

Tun ranar babu wanda ya ƙara sayar masa da ko robar faci. Masu kawo masa aiki suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, saura Audi.

Yana cikin juya tub ɗin sai ga Ƙasimu ya tsallako hanya yana goge hannu a riga. Shi ma mai faci ne, a wurin ubangida ɗaya suka koyi aiki, kuma mutum ne da ba ya son ganin ɓacin rai ko na kaza.

"Alhaji ya aiko ni," in ji shi, ya tsuguna ya rage murya. "Ya ce shi ba shi da riƙo. Gobe in anka sauko masallaci ka zaka rumhwa, inda kay yi maganag ga, gaban mutanen da sunka jiya, ka ce ƙarya kay yi. Shi ke nan. Shi ba ka kaya ka taho da abinka."

"In ce ƙarya niy yi?"

"Kai dai ka hwaɗi. Baki na, ba shi tsagewa."

"Tub ɗin ya tsage ko bai tsage ba?"

"Maigandi, kana da mata, kana da ɗiya."

"Ni nih haihe su, na sani." Ya miƙe tsaye, tub ɗin na reto a hannunsa. "Ko'ina ka tai maganar mulkin kai aka yi, wai Turawa za su naɗe tabarma. Ni kau in tai in duƙa ma mai kanti in ƙaryata idona? Ka ce mai ba ni zuwa. In ya so ya dahwa tub nai ya ci da miya."

Audi ya kaɗa kai. "Ni dai ba ruwana da mulkinku. Ƙaƙa zan koma gida?"

"Turo shi wurina," in ji Ƙasimu.

"Ka sa man irin wanda yay yi man bindiga ga gangaren gulbi, har albasa taw watse? A'a."

Maigandi ya dubi tayar, ya daɗe yana dubanta. Akwai wata dabara da ta kwana biyu tana yi masa yawo a ka yana korarta, don ya san ƙofar da za ta kai shi. Yanzu kam ba shi da wata ƙofar.

"Tai ka sai da albasarka, Audi. Ka ba ni lokaci har la'asar."

Ya kwance ƙafar keken ta gaba, ya rataya a kafaɗa, ya ratsa lunguna zuwa shiyarsu ta wajen Ƙofar Atiku. Rana ta take, ƙasa na cizon tafin ƙafa ta cikin takalmi. Tun kafin ya ga zauren gidansu ya ji warinsa, warin fatar da aka jeme da bagaruwa, warin da a cikinsa ya girma.

Mahaifinsa, Mamman, baduku ne ɗan baduku jikan baduku. Shekara bakwai da suka wuce, ranar da Maigandi zai bar gida ya kama gyaran keke, ya tsaya a tsakiyar zauren nan ya ce dukanci mataccen aiki ne, duniya ta koma ƙarfe da roba, shi ba zai tsufa cikin warin fata ba. Tun daga nan sai ranar sallah yake zuwa, ya gaishe da tsohon daga bakin ƙofa, tsohon ya ce lafiya, magana ta ƙare.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya shiga ya tsuguna. Mamman na zaune da matashin fata tsakanin ƙafafunsa, yana cusa masa audugar rimi yana dannawa da guntun ice. Ƙannen mahaifin biyu suna gefe suna ɗinki. Tsohon ya amsa sallamar bai ɗago ba.

"Yau sallah ta?"

"A'a, Baba. Aiki nik kawo."

Ya ajiye ƙafar keken, ya yi bayani yana nuna wa da hannu. So yake a ɗinka masa wata doguwar jaka ta fata, kaurin damtsen yaro, tsawonta ya zagaye cikin tayar, a cusa ta tam kamar yadda ake cusa matashi, a sa ta inda tub yake zama. Abin da ba iska a cikinsa, ƙaya ba ta da abin da za ta fitar.

Mamman ya ci gaba da danna audugarsa har sai da Maigandi ya fara jin gwiwarsa ta yi tsami.

"Na ji labarinka. Birni duk ya ɗauka," in ji tsohon. "Abin da kac ce bisa kayan Siddiƙu, gaskiya ta?"

"Gaskiya ta, Baba."

"Shi as sa ba ka lashe ta."

"Shi na."

"Madalla. To wadda kah hwaɗi nan cikin zauren ga, bisa aikin ubana da kakana hwa?"

Masu ɗinki suka tsaya. Maigandi ya ji zuciya na ce masa ɗauki tayarka ka fita, ba ka duƙa wa mai mota ba balle mai basilla. Amma da ya auna maganar sai ya ga ba ɗaya ba ce. Waccan ya ja tub da hannunsa ya ga tsaga. Wannan kuwa bai ga komai ba, ƙuruciya ce da ɗokin ƙarfe mai ƙyalli, ga shi yau ƙarfen da robar sun kawo shi gindin mataccen aikin yana roƙo.

"Wagga ƙarya niy yi, Baba."

"Ban jiya ba. Kunne ya tsuhwa."

"Ƙarya niy yi!"

Ɗaya daga cikin baffanninsa ya tuntsire da dariya har zare ya suɓuce masa. Mamman ya ture matashin gefe, ya jawo wata jar fatar akuya daga bayansa, ya shafa ta, ya mayar, ya jawo wadda ta fi ta kauri. Sannan ya cilla wa ɗansa basilla.

"Diba ko hannunka ya mance."

Bai manta ba, ya dai yi nauyi. Ta farko da suka yi auduga zalla suka cusa, Maigandi ya tura ta cikin taya ya danna da gwiwa, ta lotsa har ƙarfe ya taɓa ƙasa. Tsohon ya ce ai wannan matashin amarya ne, a farke. Suka farke. A ta biyu Mamman ya sa aka murɗa igiyar rama mai kauri a tsakiya, aka naɗe ta da guntayen fata, sannan aka bi gefe da auduga ana dannawa kaɗan kaɗan har icen ya daina shiga. Da kansa ya haɗa bakin biyu, da irin ɗinkin da yatsa ba ya jin gaɓarsa. Mayar da tayar bisa ƙarfenta kuwa sai da mutum uku suka taru, ana nishi ana salati, ƙarfen ɓare taya ya kuɓuce ya ɗauke wa Maigandi fatar yatsa.

Da zai fita tsohon ya ce, "In ta yi, nan aka yanka hwatar, nan aka ɗunka ta. Ba ni aika aikina gindin icce."

"Na jiya, Baba."

Ana sallame la'asar ya iso wurin sana'arsa a Ƙofar Dundaye. Audi na zaune bisa buhunsa da ya zazzage, Ƙasimu ya sake tsallakowa, da wasu 'yan zaman kashe wando da suka ji ƙanshin kallo. Maigandi ya ɗaura ƙafar, ya tayar da keken.

Audi ya matsa tayar da babban yatsa, ya juya ta yana lalube. "Ina bawul?"

"Babu."

"To ta ina aka hura ta?"

"Ba a hura ta."

Maigandi ya zaro basillar daga aljihu, ya luma ta cikin tayar har rabi. Audi ya dafe kai ya yi salati. Kowa ya kasa kunne yana jiran hucin iska, ba a ji komai ba sai kukan akuya a bayan katanga. Ya zare, ya sake lumawa a wani wuri, ya zare, taya na nan tsaye.

Audi ya hau yana ɗari-ɗari. Keken ya tafi yana girgiza shi kamar jaki mai sassarfa, hularsa ta karkace, 'yan kallo suka sa ihu. Amma bai sauka ba. Ya karkata da gangan ya faɗa wani fili da tsidau ya shimfiɗe a gindin tsohuwar ganuwa, ya zagaya sau biyu, ya dawo ƙayoyi manne a tayar gaba birjik. Ya sauka ya tsince su ɗaya ɗaya, ya sake matsa ta.

"Nauyi gare ta, ga taurin kai irin na mai ita. Haƙorana duk sun motsa." Ya gyara hula. "Gobe ka yi man ta baya. Garba maƙwabcina ma shina so, na sani."

Bayan ya tafi, 'yan kallo sun watse, Ƙasimu ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malaman ohis ba su hawan wagga, ka sani. Sai masu buhu."

"Na sani."

"Kuma tayad da ba ta hwaci, wa za ya kawo ma ita hwaci? Audi da kaka gani sau ukku ga mako, sai shekara."

Wannan ma Maigandi ya sani, tun a hanya ya gama lissafa ta a ransa, kuma ta yi masa ciwo. Yana son aikin nan. Yana son ƙanshin sholisho da ƙarar famfo da yadda malamai ke tsayawa su ba shi labarin duniya yana liƙe musu taya. Rabin wannan ya tafi ke nan, kuma daga gobe da sassafe zauren fata zai nufa kamar yadda ya yi yana ɗan shekara goma.

Ƙasimu ya waiga hagu da dama, ya matso. "Tub ɗin nan kau, gaskiya kah hwaɗi. Jiya ukku sunka hwashe man."

"To ka hwaɗa mai."

"Ni ina da ɗiya." Ya sunkuyar da kai. "Mi zan ce ma Alhaji?"

"Ka ce mai yau na ce ƙarya niy yi, gaban mutane, da ƙarhi. Amma ga Baba niy hwaɗe ta, shi wanda niy yi ma ita."

Ƙasimu ya tsallaka hanya a hankali. Maigandi ya duƙa ya ɗauki tasar ruwan da yake tsoma tub a ciki don neman huda, ya juye ta a gindin dogon yaro, ya kife ta. Ya zauna a kai, ya ɗaure yatsansa da tsumma, ya ɗauko igiya ya fara auna tsawon tayar baya a jikin wata tsohuwar taya.