Wanda ke Ɗaga Dogo

Su uku ne a gidan, a saman wani tsohon bene a unguwar Setapak: Kalilu, da matarsa Saudatu, da 'yarsu Rufaida mai shekara tara. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne sanin inda za su kasance bayan ƙarshen wata.

Karatu ne ya kawo Kalilu Kuala Lumpur, ƙirar jikinsa kuma ta zaunar da shi. Wani kulob na ƙwallon zari-ruga ya ga faɗin kafaɗunsa, ya ba shi kwantiragi. Izinin zamansa a ƙasar yana rataye da kwantiragin, na Saudatu da na Rufaida kuma suna rataye da nasa, kamar riguna uku a ƙusa ɗaya. Yanzu ƙusar ta fara girgiɗi.

Babu wanda ya fito fili ya ce za a rufe kulob ɗin. Motar da ke ɗaukar 'yan wasa ce dai ta daina zuwa. Mai duba lafiyarsu ya tafi hutu bai dawo ba. Ciyawar fili ta yi tsawo. Duk wanda ya tambayi manaja batun sabunta kwantiragi, sai ya yi murmushi ya ce da irin salon maganar 'yan ƙasar, "Ana tattaunawa, lah." Amma ruwa ba ya tsami banza. Daga baya labari ya fito cewa wani babban kulob zai turo mutanensa kallon wasan ƙarshe ranar Asabar. Za su ɗebi 'yan wasa, sai dai gurbin baƙo ɗaya ne tak. Baƙi kuwa biyu ne: Kalilu da Abdulbaƙi, wanda kowa ke kira Dogo.

Kalilu ne ya yi wa Dogo hanya daga Kano, kuma a falonsu ya zauna kafin ya sami ɗaki. Rufaida ta san aikin da ke tsakaninsu tun ba ta iya karatu ba. Idan ƙwallo ta fita daga fili, sai 'yan wasa su jeru layi biyu, a wurgo ta sama a tsakaninsu. Nan Babanta zai damƙi cinyoyin Dogo daga gaba, wani ya tallafa daga baya, su cilla shi sama su riƙe har ya cafke ta. Da tana ƙarama, haka Baba ke ɗaga ta ta taɓa silin. Ya daina tun da kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, ya ce wai ita ce ta yi nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Dogo ya shigo da ƙunshin roti, gurasar ƙasar, da ya yo tapau, wato ya sa aka ƙunso masa, daga mamak, shagon abincin ƙasan bene.

"Yaya, na sa sun ƙara maka biyu. Ba na son gobe ka ajiye ni a rabin hanya."

"Kai dai ka rage ci," in ji Kalilu. "Ka zo mana kamar karan dawa, yanzu ka koma buhun masara."

"Anti, kina jin sa ko?"

Saudatu ta yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Sai da ya tafi ta ture kwanon gabanta.

"Baban Rufaida, gobe wa za ka yi wa wasa?"

"Kulob mana."

"Wane kulob? Wanda ya kasa yanke ciyawa? Ni ban ce ka cuce shi ba. Amma ba dole ne ka kai shi har gajimare ba. Ka rage, ka tattala ƙarfinka, ka ɗauki ƙwallo ka ruga su gan ka. Har yaushe za a yi ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?"

Kalilu ya daɗe yana murza kafaɗarsa.

"Saudatu, idan mutum yana sama, wuyansa a hannuna yake. Na sassauta, da ka zai sauko."

"Mu fa? Mu ba a hannunka muke ba?"

Rufaida ta tambaya da Turanci, kamar yadda ta saba, ko za ta sami damar riƙe tutar ajinsu a wasannin makaranta na watan gobe, tunda ita malama ta zaɓa.

"Da Hausa," in ji Saudatu. "Ki fara sabawa. Ƙila ki buƙace ta."

Ranar Asabar ruwa ya tsuge tun kafin a fara wasa. Rufaida da mahaifiyarta suka fake a rumfar 'yan kallo, a bayan wasu mutum biyu masu fararen riguna da kowa ke satar kallonsu. Ɗayansu ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton wasan. Da yake kafaɗarsa ta tare mata fili, sai Rufaida ta koma kallo ta gilashin wayar.

Ƙwallo ta fita, aka yi layi. Mutumin ya jawo hoton kusa. Dogo ya tashi sama, ya wuce kowa, ya miƙa dogayen hannuwansa cikin ruwan sama ya ɗauke ƙwallon kamar mai tsinkar mangwaro. Rumfa ta kaure da ihu. Wayar ta bi shi sama, ya cika gilashin shi kaɗai. Can a gindin hoton, a saman gwiwoyin Dogo, akwai yatsu baƙaƙe da suka nutse cikin nama. Rufaida ta san su. Ta san tabon da ke kan babban yatsan.

Ta leƙa ta gefe. Baba yana tsaye cikin taɓo, ya miƙar da hannuwansa har ƙarshe, ya cije leɓe, hannun dama yana rawa. Bai sassauta ba sai da ƙafafun Dogo suka taɓa ƙasa.

Haka aka yi ta yi har aka tashi. Duk ɗagawa tana fin ta baya tsawo. Mutumin ya riƙa gyaɗa kai yana ce wa abokinsa, "Boleh, boleh," wato wannan zai iya.

Bayan wasa, masu fararen riguna suka ja Dogo gefe ƙarƙashin lema. Da suka sallame shi, ya nufo bakin ƙofa inda Kalilu ke tsaye da iyalinsa, kansa a sunkuye.

"Yaya, wallahi na faɗa musu kai ne kake..."

"Me suka ce?"

"Sun ce suna da masu ɗagawa."

"To, Allah ya sanya albarka." Kalilu ya miƙa masa hannun hagu. "Ka gaya wa wanda za su ba ka ya riƙa kama ka sama da gwiwa sosai. Ƙafarka ta hagu tana zamewa idan da ruwa."

Dogo ya dubi Saudatu. Ta gyara mayafinta, ta kalli titi.

Manaja ya zo wucewa da makullai a hannu. Ya dafa Kalilu daidai kafaɗar mai ciwo, ya ce, "Wasa ya yi kyau. Kada ka damu, ana tattaunawa."

Suka taka zuwa wurin tsayawar bas. Rufaida ta karɓi jakar Baba ta rataya, bai hana ta ba. Ba ta sake tambayar batun tuta ba. Ta gane cewa Baba bai yi kuskure ko ɗaya ba a wasan, kuma ta gane cewa duk yadda ya ƙara ɗaga Dogo sama, haka shi yake ƙara fita daga hoton.