Ɓeran da Kogi Ya Bari a Yamma

Shekara ashirin da shida ina riƙe da wani ɓera wanda ban taɓa nuna wa kowa ba. Na fara da wannan ne domin kada a ɗauka ina neman wanke kaina.

Aikina a ɗakin ajiyar dabbobi na jami'a shi ne ɗana tarko, da feɗe abin da ya kama, da cusa wa fatar auduga, sannan in ɗaura ƙaramar takarda a ƙafar baya mai ɗauke da rana da wuri. A lokacin ina ƙarƙashin Farfesa, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan magana ɗaya: babban kogin yankinmu katanga ne. A cewarsa, tun zamanin da ruwan sama ya yawaita kogin ya raba ɓerayen daji gida biyu, har kamanninsu suka bambanta, masu dogon bindi a yamma, masu gajere a gabas. Fata ɗari huɗu muka tara, babu wadda ta saɓa masa.

Wata rana na kwashe tarkunan gaɓa biyu, na haye da jakunkunan a kwalekwale ɗaya. Da na kwance jakar yamma, wadda na cika a gindin wani tudun duwatsu, sai ga gajeren bindi a ciki. Ko dai na cakuɗa jakunkunan, ko kuma littafin Farfesa, wanda ke gab da shiga ɗab'i, yana da ɓaraka. Ban san wanne ne ba, kuma dukansu na ji tsoronsu. Na gyara fatar kamar yadda aka koya mini, na rubuta "yamma" a takardar, na sa shi a gwangwanin alewa, na tura can ƙarshen kabad ɗina. Duk shekara nakan canza masa maganin ƙwari. Iyakar jarumtata ke nan.

Bara aka kawo mana Dakta, wata mace mai saurin magana da ke binciken tsohon yanayi. Wata safiya na same ta ta baje hotunan tauraron ɗan'adam a teburin feɗa, ta zuba tagumi.

"Baba, zo ka ga abin da ke hana ni ƙiba," ta ce. "Ka ga layin nan? Tsohuwar hanyar kogi ce. Da ta yammacin tudun nan yake bi. Aka yi dogon fari, yashi ya toshe ta, da ruwa ya dawo sai ya fasa sabuwar hanya ta gabashinsa. Ka ga tudun gabas ya wayi gari a yamma, da shi da ɓerayensa."

"To, mene ne matsalar?"

"Ɓerayen. Mujalla ta dawo mini da aikin, wai in kawo ko da guda ɗaya. Na je in ɗana tarko, na tarar masu fasa dutse sun cinye tudun, ko ƙadangare babu. Shekara uku ina kan aikin nan, Baba. Mijina ya ce in koma kiwon kaji, su aƙalla ana ganinsu."

Na yi dariya tare da ita, amma na gane tudun: a gindinsa na cika waccan jakar yamma. Kwana tara na yi ina kai kawo. Ranar ta goma na ajiye gwangwanin a gabanta, na ba ta labarin a tsaye, ban rage komai ba, har da zargin da nake yi wa kaina game da jakunkunan.

Ta daɗe tana karanta takardar ƙafar kafin ta ɗago.

"Yanzu Baba, duk kukan da nake yi, mutumin yana kwance taku biyar daga kujerata?"

"Yana iya zama na gabas ne, Dakta. Kada ki ɗora gini a kan kuskurena."

"Shi zai faɗa da bakinsa."

Ta yanki ɗan ƙaramin yanki daga kunnensa ta aika gwajin ƙwayoyin halitta. Mako bakwai aka ɗauka, a cikinsu mai ɗakina ta tambaye ni sau biyu ko in je a auna mini jini.

Ranar da sakamako ya zo, Dakta ta shigo tana fifita da takardar.

"Zauna, tsoho, kada ka faɗi a kaina. Ɗan'uwan na gabas ne, amma ba ɗayansu ba ne. Danginsa sun yi shekaru dubbai a ware. Ba a gabas ka kamo shi ba. Jakarka daidai take."

Na zauna. Abin da na fara ji ba murna ba ce, wani irin sauƙi ne a kafaɗa, kamar wanda aka sauke wa kaya bayan ya manta yana ɗauke da su.

"Farfesa fa?" na tambaya.

"Shi ma bai yi kuskure ba. Kogi katanga ne. Abin da bai sani ba, katangar tana tafiya." Ta harare ni. "Da ka nuna masa, da ya yi maka faɗan kwana biyu, ya ƙara babi guda. Amma da yanzu ba ni da abin rubutawa, saboda haka na yafe maka rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

"Sai ka fitar da bawan Allah daga gwangwani."

Na jawo durowar yamma. Masu dogon bindi suna jere a cikinta kafaɗa da kafaɗa, yadda na shirya su da hannuna tun ina da baƙin gashi. Na matsa da uku zuwa dama, na kwantar da shi a tsakaninsu, na juyo da takardar ƙafarsa sama yadda duk wanda ya buɗe zai iya karantawa.