Jar Ƙasa a Bakin Tafki

Auta ya ja ƙarfen juye kaya, bayan tifar ya ɗaga yana kuka, jar ƙasa ta sulale cikin ruwa. Ta madubi ya ga ciyayin bakin tafkin sun sunkuya sun nutse. Agwagin ruwa suka tashi firgigit, suka koma can gaba inda ruwan bai mutu ba tukuna.

"Direba, matsa mana! Akwai na bayanka!" in ji mai kula da aikin.

Sati na bakwai ke nan. Wani kamfani ne ya sayi fadamar zai gina rukunin gidaje, tifa tara ke aikin ciko, tasa na ciki. A wannan tafkin kuwa mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana kamun kifi, kafin idanunsa su rufe.

* * *

Ya tarar da tsohon a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗaga fuska sama kamar mai jiran saƙo.

"Auta, ka dawo?"

Furfura ta fara cin gemunsa, 'ya'yansa huɗu, amma a bakin Baba har yau shi Auta ne. Matarsa ta miƙo masa ruwa, ta rage murya. "Tun safe yake maganar. Wai iska ta juya, baƙinsa sun iso."

Baƙin Baba tsuntsaye ne. Duk shekara in damina ta ɗauke sai su zo daga ƙasashe masu nisa, su yi watanni a tafkin, su koma. Da kukansu yake rarrabe su, kamar yadda yake rarrabe jikokinsa.

"Gobe ba ka da aiki," in ji Baba. "Ka kai ni in ji su."

"Baba, hanyar ta lalace."

"Tun ina da ido take a lalace."

Matar ta yi dariya, sai kuma ta haɗiye ta. Ta san abin da mijinta ya gaya wa tsohon, cewa yashin gyaran titi yake ɗauka. Da ya shiga ɗaki ta biyo shi.

"Baban yara, ka faɗa masa gaskiya."

"In ce masa me? In na ajiye makullin nan yau, gobe da safe wani ya ɗauka. Tafkin bai tsira ba, mu ma ba mu tsira ba."

Ta ɗauki rigar aikinsa ta fita da ita tana kakkaɓewa.

* * *

Da hantsi ya goya shi a babur. Baba ya rungume masa ƙugu ƙam, ƙasusuwan hannunsa ba nauyi. Auta ya bi ta doguwar hanya don su ɓullo ta yamma, inda yake zaton ciko bai kai ba. Ashe ya kai.

Tsohon ya sauka, ya cire takalmansa, ya laluba ƙasa da tafin ƙafa.

"Nan fa a da, ruwa ƙirji yake kawo min."

Ya karkata kai ya daɗe yana saurare. "Sun yi kaɗan bana." Sannan ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya kai hanci. "Wannan ba ƙasar nan ba ce. Ita nake ji a rigarka kullum in ka dawo."

Auta ya matso. Ya durƙusa a gefensa. "Baba..."

"Tun satin farko na sani. Ido na rasa, yaro, ba hanci ba." Ya lalubo kansa ya dafa, kamar yadda yake yi masa in zazzaɓi ya kama shi yana ƙarami. "Na ci da ku daga ruwan nan, kai ma kana ci da naka. Ban kawo ka don in ba ka kunya ba. Aron ido na zo yi. Ga wasu can tafe, ina jin fikafikansu. Faɗa min me suke yi."

Auta ya goge fuska ya duba sama. Garke ne guda, dogon layi, suna saukowa a gajiye. Suka kewaya sau ɗaya, sau biyu, a kan filin da aka kakkafa wa turakun fulotai. Yawancinsu suka sake yin sama. Kaɗan suka kasa.

"Wasu sun sauka, Baba."

"A ruwa?"

Wani ɗan ruwa ne da ya kwanta a cikin sawun taya, faɗinsa bai kai tabarma ba.

"A ruwa, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Tsuntsu ya fi talatin a cikin sawun, suna ture juna, kowanne na neman inda zai jiƙa ƙirjinsa.